A Jinjina wa Mai Suɗaɗɗiyar Taya

Duk shekara ana rabon lambobin yabo a ƙasar nan. A ba 'yan siyasa, a ba attajirai, a ba 'yan ƙwallo da 'yan fim, har wanda ba shi da aiki sai riƙe wa mai girma jaka yana samun tasa. Amma akwai wani gwarzo da aka daɗe ana danne wa haƙƙi, alhali kullum muna tare da shi a tasha da kan hanya. Ina nufin direban nan da tayarsa ta suɗe tas, ta yi sanƙo har tana ɗaukar ido idan rana ta haske ta, amma ya cika mota maƙil da bayin Allah a Unguwa Uku, ya ce Kaduna ya nufa, kuma a can zai yi azahar. Tunda masu rabo sun manta da shi, bari mu masu alƙalami mu sauke nauyin.

Falalarsa ta farko tattali. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ce idan zurfin zanen tayar ƙaramar mota ya gaza milimita 1.6, to ta gama aiki. Masu ƙera taya har wasu 'yan tuddai suke sawa a cikin ramin zanen, wai da zarar roba ta cinye ta yi daidai da su, a cire ta. A cire ta a kai ina? Taya da baƙinta, da zagayenta, tana riƙe iska, a ce ta mutu? Wannan almubazzaranci ne irin na wanda bai san zafin nema ba. Gwarzonmu ya san a nan ne rayuwar taya take farawa. Zai cinye zanen, ya cinye abin da ke ƙarƙashin zanen, ya tarar da zare ya wuce, ya isa ga waya. Ranar da wayar ta tsiro har ta soki hannun mai faci, sai ya ce a juya ta, ciki ya koma waje, ai wancan gefen da sauransa.

Masana dai sun nace cewa zanen nan magudanar ruwa ce. Suka ce duk girman mota, da nauyinta da mutanen cikinta, a kan wurare huɗu kawai take taka ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan aka yi ruwan sama, ramukan zanen ne ke kwashe ruwan su watsar gefe, domin roba ta samu ta kama kwalta. Idan babu su, ruwa ya shiga tsakanin taya da titi, mota ta hau kansa ta yi ta sulɓi, a murza sitiyari ta ƙi juyawa, a taka birki ta ƙi ji. Su a wurinsu wannan haɗari ne. Amma a duba da idon basira. A da, sai a labarin waliyyai ake jin mutum ya yi tafiya a kan ruwa. Yau ga direban Sharon yana yi a watan Agusta, tsakanin Zariya da Funtuwa, da fasinja goma, ko alwala bai yi ba.

Sai iliminsa na sayayya, wanda a nan ya kamata a yi zama sosai. A da ana ƙera taya a cikin ƙasar nan. Kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya bi sahunsa a 2008, suna kukan rashin wuta da tsadar aiki da kwararowar kayan waje. Allah raka taki gona. Tafiyarsu ta ƙara buɗe mana ƙofar alheri, wato tayar gwanjo, wadda ake yi wa laƙabi da Beljiyom ko 'yar Kwatano. Hukumar Kwastan ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, shi ya sa ba a samunsu ko'ina sai a kowace kasuwar kayan mota, tun daga Ladipo ta Legas har Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, a jibge sun fi tsayin mutum. Wasu ma ba tsofaffi ba ne, sababbi ne fil, sai dai don a rage kuɗin kwantena da na fito, akan murƙushe uku ko huɗu a cusa su cikin ɗaya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu, tana ƙorafin cewa murƙushewar tana lalata wayar da ke riƙe da jikin taya tun kafin ta taɓa titi. Ita dai hukuma ba ta rasa abin faɗa. Mu abin da muka gani shi ne zumunci: tayoyi huɗu sun haye teku rungume da juna.

A cikin tulin nan gwarzonmu yake zaɓe, kuma idonsa ba ya kuskure. Yakan je kai tsaye ga mai zane cako-cako, mai alamar dutse mai kawuna uku da hoton ƙanƙara a cikinsa. Wannan tayar hunturun Turai ce. Da roba mai laushi aka yi ta, domin ƙasar da sanyinta ke sauka ƙasa da digiri 7. Shi kuwa zai ɗaura ta a watan Afrilu ya miƙi hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, lokacin da zafin inuwa ma ya haura digiri 40, na kwalta kuwa ba a magana. Bature ya tsare ta a cikin ƙanƙara duk tsawon rayuwarta, sai da ta zo hannunmu ta samu damar ganin duniya. In ta yi laushi ta fara narkewa a hanya, ai baƙunta ce, za ta saba.

Akwai wani tsegumi da 'yan boko suka ƙirƙiro na duba shekarun taya. A gefen kusan kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2314 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2014. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya shekara huɗu gare ta daga ranar da aka ƙera ta. Wasu kamfanonin mota sun ce shida. Su kansu masu ƙera tayar, da ya kamata a ce sun fi kowa son a yi ta amfani da kayansu, sun ce ko ba a taɓa hawanta ba, kada ta wuce shekara goma. Hujjarsu ita ce roba tana tsufa ko tana aiki ko tana kwance a shago. Takan bushe, ta tsattsage kamar faso a dunduniyar manomi da hunturu, kuma abin da ake gani a waje kaɗan ne a kan abin da ke ciki. To, mu mutane ne masu tarbiyya, ba ma tambayar dattijo shekarunsa a bainar jama'a. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ma mai shago yana taya mu rufin asiri: ya goge lambar da fayil, ya wanke tayar, ya shafe ta da man ƙyalli ta yi baƙi wuluk. In zanen ya ƙare, akwai yaro a bayan shago da wuƙa mai zafi, ya tsaga mata sabo a kan 'yar robar da ta rage. Ta shiga tsohuwa ta fito amarya, kuma ko sadaki ba a ƙara da yawa ba.

Amma duk wannan somin-taɓi ne. Wanda ke son ganin ilimi tsagwaronsa, ya je gindin bishiyar mai faci da hantsi ya samu benci ya zauna. Mota za ta tsaya, yaro ya taso da tiyo a kafaɗa.

"Oga, nawa za a sa mata?"

"Ɗura mata kawai, yau akwai lodi."

Yaro ya ja igiyar inji, inji ya yi tari ya kama, ya jona tiyo yana kallon masu wucewa. Akwai geji, ba a ce babu ba, yana nan a aljihun maigidansa, lambobin jikinsa sun goge tun zamanin da ake hawa Fijo. Ba a ma bukatarsa. Yaro zai ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa tayar. In ta ce ƙwal, ta yi. In ta ce dif, a ƙara. Sannan ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul ya ga ko zai yi kumfa. Murfin bawul kuwa ba a san da shi ba a wannan unguwa. Daga ƙarshe direba da kansa ya zagayo, ya tattare riga, ya hamɓari tayar da ƙafa, ya gyaɗa kai. An gama bincike ke nan, an sa hannu.

Kamfanin da ya ƙera motar ya liƙa wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu a cikin murfin tanki, ya rubuta iskar da kowace taya ke bukata. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin ita tayar kuwa iyakar abin da za ta iya jurewa ce. Ya kuma ce a riƙa aunawa ko da sau ɗaya a wata, da safe kafin mota ta yi tafiya ta ɗau zafi, domin ko lafiyayyar taya tana rage iska sannu a hankali. Wannan ra'ayin kamfani ne, kuma muna girmama shi. Sai dai malamanmu na tasha sun kasu mazhaba biyu. Ta farko ta ce a ɗura har 55 ko 60, mota ta fi gudu kuma ta fi shan mai kaɗan. A nan taya kan yi tauri, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, ta cinye ta tsakiya, kuma duk ramin da ta faɗa sai ya ji a jikin zarenta. Mazhaba ta biyu ta ce a'a, da bazara rage iska ake yi don kada zafi ya fasa ta. A nan kuma gefen tayar ne zai yi ta lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da zafi, zafin ya raba roba da waya, sai ta ɓare a tsakiyar gudu. Saɓanin malamai rahama ne, ga shi kuwa duk mazhabobin biyu wuri ɗaya suke kai mabiyansu.

Dubi yadda Amurkawa suka wahalar da kansu a kan wannan 'yar magana. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan da suka riƙa ɓarewa a ƙarƙashin motoci ƙirar Ford Explorer, motocin suna kifewa, mutane suna mutuwa. Majalisarsu ta zauna ta yi doka, kuma daga 2007 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a can sai tana da na'urar da ke kunna 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba idan iskar taya ta yi ƙasa. Irin waɗannan motoci su ne yau cike da titunanmu, sun iso a matsayin tokumbo, da fitilarsu da komai. Gwarzonmu ya dubi fitilar nan da ta ƙi mutuwa, ya yanko guntun baƙin salatif ya liƙe ta. Matsalar da ta ci wa Amurka zaman majalisa da injiniyoyi, shi ya gama da ita kafin shayinsa ya huce.

Batun lodi ba sai an ja shi ba. A jikin taya akan ga rubutu irin 195/65 R15 91H, kuma 91 ɗin nan na nufin kilo 615 ne iyakar abin da za ta ɗauka. Huɗu ke nan kilo 2,460, har da nauyin ita kanta motar, kuma wannan lissafin sabuwar taya ne mai iska daidai. Golf ɗin gwarzonmu tana ɗaukar biyu a gaba ban da shi, huɗu a baya, biyu a but ƙafafu na reto, buhunan masara a sama, da akuya a kan buhunan. Babu sikeli a tasha, saboda haka babu wanda zai iya rantsuwa an wuce ƙa'ida.

A fannin wili ma ya yi bincike mai zurfi. Kamfani ya sa noti biyar, shi ya gano huɗu sun wadatar, uku ma in an matse su da kyau. Matsewar kuwa aikin yaron mai faci ne, wanda zai hau kan sifana da ƙafa biyu ya yi ta tsalle har ƙarfen ya yi kuka, ba ruwansa da cewa ƙusar da aka ja fiye da ƙima miƙewa take yi, wata rana ta gutsire. In sitiyari na karkarwa da zarar maleji ya kai 100, an ce wili ne ke neman balansin, shi kuwa ya ɗauke shi a matsayin tausa kyauta. In mota na ja hagu tana cinye taya ta gefe ɗaya, an ce alaimin take so, shi kuwa ya riƙe sitiyarin a karkace, magana ta ƙare. An ce a riƙa sauya wa tayoyi wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye daidai. Wannan kam yana yi: wadda ta fashe ta koma but, ta but ta dawo ƙasa. Safayar nan tana da daraja ta musamman, domin ita ce ake nuna wa masu tsaron hanya idan sun ce a buɗe but. Ba su taɓa cewa lallai sai da iska a cikinta ba. Jak kuwa ai Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, wani zai tsaya ya ara masa.

Wani lokaci taya kan yi ƙululu a gefe bayan ta daki rami. Masu ƙera ta sun ce wannan alama ce zaren ciki ya tsinke, iska ce kawai ke tura fatar roba, kuma babu facin da ke gyara gefen taya, sai dai a yar. Gwarzonmu ba ya yar da abokin tafiya don ya yi rashin lafiya. Zai sa a yanko guntun tsohuwar taya a shimfiɗa mata ta ciki, a zura tub, a ɗura iska, sannan ya ba da umarnin da ya fi kowanne hikima: a mayar da ita baya. Su masana cewa suke yi tayoyin da suka fi lafiya su ya kamata a sa a baya, domin idan baya ya ƙwace, mota juyawa take yi, sitiyari ba ya iya dawo da ita. Amma shi direba a gaba yake zaune. Fasinja ne a baya, kuma sun fi yawa, addu'arsu ta fi saurin karɓuwa.

Zalunci ne a bar direba shi kaɗai da wannan lada. Akwai maigidansa mai mota, wanda ke karɓar balas kowace yamma yana lissafawa har sau biyu, amma da an ce taya sai ya ce, "Lallaɓa ta zuwa bayan Sallah." Ba ya faɗin wace Sallar. Akwai kuma ma'aikacin nan mai motar gida, wanda ya sa wili masu ƙyalli, ya yi wa kujeru riga, ya rataya turare, ana wanke motar safe da yamma har a shafa wa tayoyin baƙi, tayoyin da suka girmi ɗan autansa da yake kai wa makaranta a kansu. Na san za a ce taya ta yi tsada, kuma gaskiya ne, tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin sabuwar taya ya zama abin da ake shawara da iyali. Amma kada a rage wa mutanen nan daraja da cewa talauci ne ya tilasta su. Auna iska, karanta lambobi huɗu, zagaya mota da safe a duba ƙusa ko kumburi, cike notin da ya ɓace, rage gudu idan an san taya ta tsufa, duka ba su kai kuɗin katin wayar da suke sawa a mako ba. Da zuciya ɗaya suka bari, don haka ladansu cikakke ne.

Kambun duka kuwa shi ne tawakkali. Akan samu wani mai ƙaramin imani a cikin fasinja, ya sunkuya ya leƙa kafin ya shiga.

"Direba, tayar nan ta baya kuwa za ta kai mu?"

"Haba Alhaji! Jiya da ita na dawo daga Legas. Ai Allah ne ke tsarewa."

Kafin ya sake buɗe baki, 'yan'uwansa fasinja sun taso masa. Wani ya ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Wata ta ce in tsoro yake ji ya sauka, su rana na yi musu. Ɗan kamasho ya ce akwai mai jiran kujerar. Sai ya ja bakinsa ya shige, har da ba da haƙuri. Waɗannan fasinja ma sun cancanci a tafa musu, domin da kuɗinsu da bakinsu suke kare wanda ya ɗauko su a kan waya da zare. Malamai suna ta karantar da cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Wannan darasin 'yan farkon karatu ne. Gwarzonmu ya wuce wurin tuntuni, shi ko igiyar ba ya saya.

Ranar da abin ya zo, wajen Kwanar Ɗangora ko gangaren Hawan Kibo, maleji na kan 130, za a ji ƙara kamar an harba bindiga. Masu koyar da tuƙi sun ce a irin wannan lokaci a riƙe sitiyari gam, a saki totur a hankali, kada a kuskura a danne birki. Shi kuwa namiji ba ya jinkiri, da dukkan ƙarfinsa zai taka. Abin da ya biyo baya kowa ya sha gani a bakin hanya: takalma warwatse, buhu a fashe, mutanen ƙauye suna yanko ganye suna rufe waɗanda suka riga mu. A wurin zaman makoki za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a, a watse. Ba a taɓa jin wani ya koma ya ɗauko ɓallin tayar ya karanta lambobin nan huɗu ba, domin yin haka jayayya ce da ƙaddara. In gwarzonmu na da sauran shan ruwa, bayan wata biyu za a gan shi a kasuwa yana ɗingishi, yana taya wata Beljiyom ɗin, yana cewa a rage masa don shi tsohon kwastoma ne.

Kuma kada a manta da bakunan da yake ciyarwa. Masu ɗori na gargajiya ba sa rasa aiki, likitocin Asibitin Ƙashi na Dala ba sa samun lokacin zaman banza, masu jan mota da masu buga bodi da masu sayar da sandar guragu duk suna samun na cefane. Gwamnatoci nawa ne suka yi alkawarin samar da ayyukan yi suka kasa, ga mutum ɗaya da tayoyi huɗu yana yi ba tare da kasafin kuɗi ba?

Saboda haka, mai karatu, in tafiya ta kama ka ka je tasha, kada ka sunkuya kana leƙen ƙarƙashin motar mutane, rashin ladabi ne, kuma zai ɓata maka rai a banza. Biya kuɗinka ka shiga ka gyara zama. Abu ɗaya kawai nake roƙonka: idan aka miƙo takardar sunayen fasinja, ka rubuta sunan ɗan'uwanka da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe, yadda baƙo zai iya karantawa a gefen titi ba tare da ya sha wahala ba.